Akurki Daga Abin Da Aka Zubar: Jawabin 'Yan Kasuwarmu A Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Hajiya Shugaba, Hajiya Ma'aji, Malama Sakatariya, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyenmu da ƙannenmu, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, da iyayen gida maza da suka ba mu izini suka kuma halarta, barkanmu da ganin wannan rana. Muna gaishe da waɗanda suka taso daga Barkum, da Gurjiya, da Kumurya, da Gafan, da baƙinmu na Kura da Garun Malam. Allah Ya ba da ladan zumunci, Ya mai da kowa gida lafiya.

Mu 'yan kasuwa na wannan ƙungiya aka ɗora wa yin magana a kan kiwon kaji, musamman yadda mace za ta gina wa kajinta wurin kwana da wurin wuni ba tare da ta ci bashi ba. Wata za ta ce, ranar biki guda, a rasa abin magana sai akurki? To, a yi mana haƙuri a saurara.

Kowace mace a nan ta san matsayin kaza a hannunta. Yaro ya kwana da zazzaɓi, kaza ce ke zuwa kasuwa. Ranar zubin adashi ta zo ciniki bai yi ba, kaza ce. Kuɗin jarrabawa, kuɗin takalmi, baƙo ya sauka babu shiri, duk kaza ce. Saniya sai an yi shawara, akuya sai an jira ranar kasuwa, amma kaza yau ka kama yau ka sayar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na kayan masarufi suka haura, mun ga yadda mata suka ƙara jingina da ɗan abin da ke tsakar gida. Mun kuma ga wani abu a zaman ƙungiya: lokacin da kaji ke mutuwa a gari, lokacin ne biyan bashi ke tsayawa. Hajiya Ma'aji tana nan, ba za ta bar mu mu faɗi abin da ba haka ba.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Me ya sa suka faɗi haka? Domin kazar da ke akurki ba ta da tabbas, yau tana nan gobe babu. Abin da muke so mu yi shi ne mu ƙara mata tabbas gwargwadon ikonmu, sauran kuma mu bar wa Allah.

Mu fara da inda muke zaune. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka yi a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kanal ya canza rayuwar Kura da Bunkure da Garun Malam. A wasu garuruwan, in an cire amfanin gona sai a saki dabbobi da kaji su yi ta yawo har damina ta dawo. Mu nan ba mu da wannan hutun. An yanke shinkafa, an dasa tumatir. Ga alkama, ga albasa, ga masara, gona ba ta zama fayau. Saboda haka kazar da aka saki, ko dai ta shiga wurin rainon irin maƙwabci ta tone, ko ta faɗa shanyar shinkafa ko ta tumatir, ko ta tsinci irin da aka yi wa magani, ko ta sha ruwan da aka wanke abin feshi. Sau nawa muka ga zumuncin shekaru ya yi tsami a kan kaza ɗaya? Sau nawa aka wayi gari da kaji a zube, ba cuta ba ce, shinkafar ɓera ce aka sa a bakin rumbu?

Amma noman ranin nan da ya takura wa kaza, shi ne kuma ya cika mana gari da kayan gina mata gida. Kwandunan tumatir da suka gaji da zuwa Kwanar Gafan, buhunan taki, fasassun bututun ban ruwa, tsohon tiyo, ɓuntun shinkafa da ke tule a bayan injinan casa har ana rasa yadda za a yi da shi. Ku ƙara da tsohuwar taya ta wurin mai faci, da jarkar man gyaɗa da ta tsage, da tsohon kwanon rufi da aka sauke, da ɓaraguzan bulo, da karan dawa. Yawancin waɗannan ko dai kyauta ne, ko kuma kuɗinsu bai kai na sagara ɗaya ba.

Kafin a kafa itace ko ɗaya, sai mu tambayi kanmu: wa muke gina wa katanga? Da rana akwai shirwa da shaho, su 'yan tsaki suke nema. Da dare akwai muzuru, da gafiya, da ɓera, da maciji mai shan ƙwai, ga kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Akwai ruwan sama da laima, akwai sanyin hunturu, akwai zafin bazara. Akwai ƙwarin da ke ɓoye a tsagar bango suna shan jinin kaza cikin dare. Sannan akwai babbar, wato cuta. Duk abin da za mu faɗa daga nan, amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan.

Na farko, wuri. A zaɓi inda ya fi tudu a gidan, inda ruwa ba ya kwanciya a watan Agusta. A ƙasarmu ta kusa da kanal wannan ba abin wasa ba ne, domin laima na kashe 'yan tsaki fiye da yadda ake zato. In akwai inuwar darbejiya ko ta mangwaro, madalla. Kada ya manne da madafa, kada ya kusanci rijiya ko randar ruwan sha, kada kuma ya zama a cikin ɗakin da yara ke kwana. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, kashin kaji kuwa yana kawo gudawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin raba wa kaji makwanci.

Iyayenmu da suke juya ƙofar ɗaki ta kalli yamma sun san abin da suke yi. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. To haka akurki ma: bangon gabas a toshe shi gaba ɗaya, ƙofa ta kalli yamma, tagogin shan iska su kasance kudu da arewa. Idan sanyi ya shigo a Disamba da Janairu, sai a sauke labulen buhu a ɓangaren arewa da dare, a naɗe shi da hantsi.

Na biyu, girma. Mu ɗauki kaji 10 da zakara 1, domin zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Malaman gona suna cewa kaji 3 zuwa 4 a kowace murabba'in mita. Mu da ba mu yawo da abin awo, ga shi a ma'auninmu: tsawo kamu 4, faɗi kamu 3. Tsayinsa kuwa, ta gaba ya kai yadda mace za ta shiga da tsintsiya ba tare da ta durƙusa ba, ta baya ya ɗan yi ƙasa don ruwa ya gangara. Akurkin gargajiya na laka yana da kyau wajen ɗumi, amma matsalarsa ƙofar nan 'yar ƙarama. Hannu kaɗai ke shiga, ba a iya sharewa, iska ba ta ratsawa. Wurin da ba ki iya shiga ki share ba, can cuta ke tarewa.

Na uku, tushe da bango. A haƙa rami kewaye, zurfin taƙi biyu, a cika da ɓaraguzan bulo da duwatsu a daddaɓe. Wannan saboda gafiya ne da duk mai tono ta ƙasa. Daɓen ciki a ɗaga shi ya fi tsakar gida da taƙi ɗaya. Turaku huɗu na kusurwa a samo busasshen itace mai ƙarfi, a babbake gindinsa kaɗan a wuta kafin a binne, a zuba toka a ramin, don a rage ɓarnar gara. Bango daga ƙasa zuwa ƙugu a gina shi da laka ko tubali, a shafe shi sumul, kada a bar tsaga ko ɗaya. Daga ƙugu zuwa rufi, a kudu da arewa, nan ne wurin raga.

A nan za mu faɗi gaskiya: in akwai abu ɗaya da ya cancanci a ciro kuɗi a saya, to wayar raga ce mai ƙananan idanu. Kara da buhu suna tare iska da rana, amma ba sa tare muzuru. Wadda ba ta da halin sabuwa, ta tambayi 'yan gwangwan. Ana samun tsohuwar ragar taga, da murfin tsohuwar fanka, da ragar cikin firji, da ƙarfen tsohon gado. Masu shiga Kano su leƙa Kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake cinikin ƙarafa da kayan gini. Abin lura kawai shi ne kada a bar ramin da kan maciji ko ɓera zai iya shiga, domin inda kansa ya shiga, jikinsa ma zai bi.

Na huɗu, rufi. Tsohon kwano yana yi, in an toshe ramukan ƙusa aka kuma jera shi yadda na sama ya hau kan na ƙasa. Sai dai kwano tsirara a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tanda ne. Kaza ba ta gumi, haki take yi da baki buɗe, zafi na iya kashe ta, ko ya tsayar mata da ƙwai. Maganinsa a shimfiɗa zana ko kara ko ciyawa a saman kwanon, a ɗaure. Bakin rufi ya zarce bango da kamu ɗaya don feshin ruwa. A ɗaure rufin da waya a jikin turaku sosai, a ɗora tsohuwar taya ko biyu, saboda guguwar farkon damina. Taya kuwa a huda ta tukuna, in ba haka ba ruwa ya taru a ciki mun gina wa sauro gida.

Na biyar, ƙofa. Guntun kwano a kan katako ya isa. In babu abin maƙala ƙofa na ƙarfe, a yanko ɓallin taya mai faɗin yatsa uku, a kafa shi da ƙusa sama da ƙasa, zai daɗe yana aiki. A sa sakata, a sa kwaɗo. Duk ƙusar da ta leƙo da duk bakin kwano mai kaifi a lanƙwashe, saboda ƙafar kaza da hannun yaro.

Na shida, kayan ciki. Kaza a sama take son kwana. A gicciya sanda biyu masu kaurin muciya, tsayin gwiwa ko sama kaɗan, kowace kaza ta samu taƙi ɗaya. Wurin yin ƙwai ya kasance a kusurwa mai duhu, ƙasa da sandar kwana, in ba haka ba a ciki za su riƙa kwana suna ɓata shi. Jarkar man gyaɗa mai lita 25, in an yanke gefe ɗaya aka wanke ta tas, makwanci ce mai kyau. Haka fasasshiyar randa, haka tsohuwar taya da aka cika da ɓuntu. Kaji goma su samu aƙalla uku, domin kajin Hausa suna kwanci, wadda ta kwanta kuwa ta riƙe wurin kwana 21. In ƙwan zabi aka sa mata, sai ta kusa kwana 28.

Daɓen a zuba masa ɓuntun shinkafa busasshe mai kaurin yatsa huɗu. Yana shanye laima, yana rage wari. A riƙa motsa shi, duk inda ya jiƙe a kwashe a sa sabo. A wani lungu a ajiye tsohuwar taya cike da yashi da toka, su riƙa birgima a ciki, shi ne wankansu, shi ke rage musu ƙwari. Bayan 'yan watanni a kwashe komai, a shafe bango da farar ƙasa.

Mazubin abinci, a tsaga fasasshen bututun ban ruwa gida biyu ta tsawonsa, a toshe bakunan, a ɗaga shi daidai bayan kaza don kada su shiga da ƙafa suna watsarwa. Na ruwa kuma ga dabara: a samu galan mai murfi, a huda ƙananan ramuka biyu kusa da gindinsa, a cika shi da ruwa, a rufe murfin gam, a tsayar da shi cikin faranti mai baki wanda ya fi ramukan tsayi. Ruwa zai fito ya tsaya daidai ramin, in sun sha ya ƙaru. In akwai 'yan tsaki a zuba tsakuwa a farantin don kada su faɗa su jiƙe.

Yanzu ku ba mu kunnuwanku, iyaye, domin wannan ita ce maganar da ta fi kowacce nauyi. Ba kowane abin da aka zubar ake ɗauka ba. Garin nan cike yake da robobi da jarkokin maganin feshi, na ƙwari da na ciyawa. Wallahi ko an wanke su sau goma, kada a zuba wa kaza ruwa ko abinci a ciki, kada a ɗebi ruwan gida da su, kada a bar yara su yi wasa da su. Roba tana riƙe magani. Kazar da ta sha, in ba ta mutu ba, mu ne za mu ci ƙwanta da namanta. Haka tsohon batirin mota, haka gwangwanin fenti, haka jarkar baƙin mai. Buhun taki a wanke shi a shanya kafin a yi labule da shi, kuma kada a adana abincin kaji a ciki. Fiya-fiya ba maganin ƙwarin kaji ba ne. Gidan sauro kuma, wanda ake kwana a ciki na mutane ne, ba a cire wa yaro a ba kaza. Sai wanda ya yage har aka canza shi, shi ne za a wanke a shimfiɗa a saman wurin wuni don shirwa.

Wurin wunin nan shi ne na bakwai. A jikin ƙofar akurki a kewaye fili da danga ta karan dawa, tsayin mutum, a matse karan sosai ta ƙasa. Kaji goma sha ɗaya za su sake a fili mai kamu 6 da kamu 8. Wadda gidanta bai kai ba, ta rage yawan kajin, domin cunkoso ke sa su tsattsagar juna. A sama, in babu tsohuwar raga, a ja igiyoyin buhu a gicciye kusa da kusa. Shirwa sai ta samu sarari take kawo sura. Rabin filin ya zama da inuwa.

Na takwas, 'yan tsaki. Kowacce ta yi lissafi a zuciyarta: kazarki ta ƙyanƙyashe goma, nawa suka kai girman yanka? Yawancin asarar a makonni shida na farko take, lokacin da uwa ke jan su cikin raɓa da kwata da idon shirwa. Babban kwandon tumatir da ya daina ɗaukar kaya, a wanke shi, a ɗinke inda ya ɓule, a kife shi a kan uwa da 'ya'yanta a inuwa, a ɗora dutse. Ruwa da tsaki a ciki. A riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kullum. Da dare a mai da su akurki, a lokacin sanyi a lulluɓe da buhu amma a bar kafar iska. Ko 'yan tsaki uku kika ƙara tsirarwa a kowace ƙyanƙyasa, ki lissafa da kaji biyar, sau biyu ko uku a shekara, ki ga abin da ya fito kafin Sallah.

Mun san abin da wasu iyayenmu ke cewa: kazar Hausa ba ta son kulle, kuma wanda ya tsare ta ya ɗauki nauyin cikinta. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Kazar da ke yawo ita ke nemo rabin abincinta. Shi ya sa ba mu ce a kulle dare da rana duk shekara ba. A tsare su da dare kullum. A tsare su da safe har raɓa ta bushe su kuma yi ƙwai. A tsare su gaba ɗaya lokacin da aka yi feshi kusa, lokacin rainon iri da shanya, da lokacin da aka ji cuta ta shigo gari. Sauran lokaci a sake su da la'asar, su dawo da kansu da magariba. Abincin kuwa akwai shi a hannunmu: dusar masara da ta dawa, dusar shinkafa mai laushi, gutsuren shinkafa, dusar awara, ɗan garin ƙuli-ƙuli, ganyen zogale, ganyen salak da kabeji da ake zubarwa a kasuwa, da gara in an samu. Ɓawon ƙwai a gasa a daka a mayar musu, yana ƙara wa ƙwai ƙarfi. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ba su. Ruwa mai tsabta kada ya yanke.

Saura cuta. Akurki komai kyansa ba ya hana cutar nan da ke share kaji a lokacin sanyi, wadda wasu ke kira fakat, likitocin dabbobi ke ce mata Nukasil: kaza ta takure, ta yi koren kashi, wuya ya murɗe, kwana kaɗan gida ya zama wayam. Ba ta da magani in ta kama. Barkono da kafso ba sa kashe ta. Amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana yin wani rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, aka yi shi domin kajin karkara. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, a maimaita duk bayan wata 4, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa, kafin cutar ta iso. Kun ga amfanin akurki a nan: kazar da ke kwana a kan bishiya ko katanga, wa zai kamo ta ranar rigakafi?

Mu 'yan kasuwa akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Kasuwa ita ce mahaɗar kajin gari goma. In kika ga kaji sun yi araha ba dalili a lokacin hunturu, ki yi hattara, sau da yawa mai su ya ga alama ne yake gudu da su. Sabuwar kaza, ko ta saye ko ta kyauta, da wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, a kife ta a kwando can gefe har mako 2 kafin ta haɗu da na gida. Mu ma kada mu sayar wa 'yar'uwa abin da muka san ba shi da lafiya, ciniki ne da ba albarka a cikinsa. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a kanal ko a bola. Waɗanda suka manyanta cikinmu suna tuna 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna ta kuma iso Kano, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, ciniki ya tsaya cak. In kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a sanar da likitan dabbobi ko malamin gona.

Wani alherin kuma da kazar yawo ke watsarwa a titi shi ne kashinta. Wanda ya taru a akurki ya gauraya da ɓuntu, taki ne da masu tumatir da albasa da masara ke nema da kuɗinsu, balle yanzu da takin zamani ya yi tsada. A tara shi a gefe ya huce na wasu makonni, domin ɗanyensa yana ƙona shuka, sannan a ɗura a buhu.

Duk wannan kuwa yana son rubutu. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano an kafa ta a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ga shi mu da muka haura arba'in muna cin moriyarta yau. Karatun nan shi ke sa mace ta duba kwalbar rigakafi ta ga ko ranarsa ta wuce, ta duba jarka ta gane ta maganin feshi ce. Kowacce ta ware littafi ɗaya na kaji: ranar da kaza ta kwanta, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka rayu, ranar rigakafi, abin da aka kashe, abin da aka sayar. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, 'yarta 'yar makaranta ta rubuta mata, ita kuma ta zo aji.

Hajiya Shugaba, ga roƙonmu guda huɗu ga ƙungiya. Ɗaya, a samu wuri a gidan wata daga cikinmu inda za a riƙa tara kayan nan, kwano, taya, kwando, jarkar mai, buhu, duk wadda ta samu ta kawo, mai buƙata ta ɗauka a rubuta. Biyu, a sayi guduma, zarto, almakashin kwano da filaya daga asusu, su zama na aro, a kuma sayi wayar raga a dunƙule a raba, ya fi sauƙi a kan sayen kamu-kamu. Uku, mu raba kanmu biyar-biyar mu yi gayya, wannan mako gidan wannan, mako mai zuwa gidan waccan, a fara da zawarawa da masu riƙon marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gama kafin ruwa ya sauka, domin laka tana son rana. Huɗu, a tsayar da ranar rigakafi sau 3 a shekara, ɗaya ta faɗo kafin shigowar sanyi, a gayyato ma'aikacin lafiyar dabbobi ya koya wa biyu daga cikinmu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba ta jira, don haka sai an taru take biyan kuɗinta.

Iyayen gida maza, muna roƙonku ɗan lungu a cikin gida, da hannu wajen kafa turaku da ɗaura rufi. In za ku yi feshi kusa da gida ku faɗa mana tun da dare mu tsare kaji, robar maganin kuma kada ta shigo gida. In kaji sun yi albarka, a bar wa mai su ta juya abinta, ai a tukunyar gidan da jakar makarantar 'ya'yanku zai ƙare. Samarinmu da 'yanmatanmu, ku ne masu ƙarfin haƙa da ɗauko kaya, kuma ku ne masu rufe ƙofa da magariba. Wanda ya riƙe wannan aiki da gaskiya, a ware masa sagara ɗaya ta zama tasa.

Allah Ya sa wa kiwonmu da kasuwancinmu albarka, Ya tsare mana shi daga annoba da ɓarna. Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan tare da su suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya nuna mana bikin baɗi da rai da lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu baki ɗaya.